Amsar da na ba mai gonar fadama

A ƙarshen watan nan zan bar sashen masu ciwon daji bayan shekara shida ina aiki a wani asibiti a nan Zariya, kuma cikin duk majinyatan da suka bi ta hannuna babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wani dattijo manomi daga wajen Soba. An kawo shi ciki ya kumbura da ruwa, idanu sun yi rawaya, hoto kuma ya nuna sankara ta cinye mafi yawan hantarsa, irin wadda ciwon hanta nau'in B ke haifarwa bayan ya shekara da shekaru a jiki ba a sani ba. Duk wanda ya buɗe fayil ɗinsa ya san maganar warkewa ta wuce, saura a sauƙaƙa masa raɗaɗi, a riƙa zuƙe ruwan cikin don ya sami numfashi.

'Ya'yansa suka tare ni a baranda suka ce, "Likita, don girman Allah kada Baba ya ji." Babban likitan da nake ƙarƙashinsa ma haka ya umarce ni, wai mutanenmu ba a yi musu zancen mutuwa. Wani dare ina bakin aiki dattijon ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ina da gonar fadama da na gada, yara sun ce a sayar a ci gaba da magani. In sayar?" Na gane sarai cewa kwanakinsa yake tambaya, amma na ce masa, "Baba, da sauƙi, cuta ba mutuwa ba." Aka sayar da gonar, kuɗin suka tafi a gwaje-gwaje da magungunan da ba su ƙara masa komai ba, kuma bai cika mako uku ba rai ya yi halinsa a kan gadon asibiti, alhali sau biyu yana roƙon a mai da shi gida. Ya bar amarya da ƙananan yara, babu gona, babu wasiyya.

A taron bita, babban likitan nan ya tsare ni a gaban ɗalibai yana tambayar dalilin da ya sa ban fahimtar da iyalin ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure," na yi shiru. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin ya san wanda ya ba da umarnin. Sai dai bakin da ya ce "da sauƙi" nawa ne.

Daga baya na karanta binciken da Christakis da Lamont suka wallafa a 2000 kan likitocin Chicago, inda kashi 20 cikin ɗari kaɗai na hasashensu kan kwanakin da suka rage wa majinyata ya yi daidai, kuma a jimlace suna ba majinyaci kwanaki kusan ninki biyar na abin da ya rage masa. Tausayi da sabo su ke ruɗar mu. Cicely Saunders, wadda ta kafa gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa raɗaɗin mai jiran ajali ya haɗa da bashi da tsoro da tunanin iyali, abubuwan da mofin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, ba ya taɓawa. Addininmu ma bai rufe wannan ƙofa ba: ƙarshen Suratu Luƙman ya hana ni yanke wa kowa rana, hadisin Ibn Umar kuma ya kwaɗaitar da mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba.

Yanzu nakan jawo kujera in zauna, in tambayi majinyaci abin da ya fahimta game da ciwonsa, da iya abin da yake so ya ji, da wanda yake so ya kasance tare da mu. Ba na faɗin lamba. Idan jiki yana ja baya wata bayan wata, nakan yi maganar watanni. Idan mako bayan mako ne, makonni. Idan kullum ne, kwanaki, in ƙara da cewa Allah ne masani. Wanda ya ce a gaya wa ɗansa kawai, haƙƙinsa ne. Ba na ƙara cewa "babu abin da za mu iya yi," kuma ba na irin wannan magana a baranda.

A damina da ta wuce wata baiwar Allah daga Giwa, wadda sankarar mama ta kai mata ga huhu, ta tambaye ni ko za ta ga bikin 'yarta da aka sa bayan Babbar Salla. Na ce, "Inna, ina fatan haka, amma ina jin tsoron jikin ba zai kai ba, da za a matso da shi da ya fi." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta sa a kira mijinta. Aka ɗaura auren bayan kwana goma, muka sallame ta da ruwan mofin ɗinta a kwalba, kuma a ɗakinta aka yi wa amarya lalle.