Faiba a cikin akwatin wufa: abin da na koya a shagon Dilimi a Jos

Duk mai kawo mana akwatin wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da bes, sauti mai kauri, maganarsa kusan ɗaya ce: "Oga, a cusa min soso sosai, so nake bes ya riƙa dukan ƙirji." Masu kiɗan biki haka suke cewa, masu gidan kallon ƙwallo ma haka, har da samarin da ke ɗaure sifika a but ɗin mota. A ganinsu da yawan soso ake samun yawan bes.

Maigidana kuwa ba ya kwance buhun faiba, wato farin abin nan da ake cusa wa filo, sai ya duba ko akwatin rufaffe ne ko mai hancin iska, domin aikinsu ba ɗaya ba ne.

A rufaffen akwati, iskar da ke kulle ciki ita ke tare kwanon sifika idan ya koma baya. Da an matse ta sai ta ɗan yi zafi, zafin ya ƙara mata tauri. Faiba tana shanye wannan zafin, iskar ta yi laushi, sifika ta riƙa motsi kamar akwatin ya fi girmansa. A lissafi ƙarin zai iya kai kashi 40 cikin ɗari, amma a hannu abin da ake samu bai cika wuce kashi 15 zuwa 25 ba. Ma'aunin da muke bi shi ne kada a haura giram 16 a kowace lita, wato akwati mai lita 50 ya ci wajen giram 800. Kuma sai an yayyage ta da yatsu ta yi sako-sako. Idan aka danƙare ta, wurin iska ta cinye, an yi ba a yi ba ke nan. Ƙarar ma ba ƙaruwa take ba. Bes ɗin dai yana ɗan sauka ƙasa, ya daina wannan gunjin da ke jan jela bayan ganga ta tsaya.

Mai hanci kuma, a can ƙasan sauti hancin ne ke yin yawancin aikin, sifikar da kyar take motsi. In ka cika shi da faiba, ka shaƙe shi. Bango kawai ake liƙa wa, kaurin yatsu biyu, a bar hanya fili daga bayan sifika zuwa bakin hancin. Na taɓa ganin akwatin da wani ya cika wa faiba ba ko gam, a wajen wani biki a Unguwar Rogo: duk dukan ganga sai farin gashi ya yi tsalle ya fito ta hancin, yara na bi suna tsinta.

Abin da ya fi zauna min shi ne lissafin tsawo. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka igiyar sautin Hz 40, wato mai kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, tsawonta ya fi mita 8. Wane soso mai kaurin yatsu biyu ne zai tare ta? Amsa-kuwwar da ke kai-komo cikin akwati mai tsawon mita ɗaya sai wajen Hz 170 take farawa, alhali galibi a Hz 80 ko 100 ake yanke wa wufa sauti. Ashe shimfiɗar bango ragowar da ta tsallake kawai take kamawa. Tana da amfani, amma ba kamar yadda ake zuzuta ta ba.

Yawancin akwatunan da ake kawowa wai a sa musu soso, ciwonsu na katako ne. Maigida zai kunna kiɗa ya ce, "Kai, ɗora tafinka a gefen nan." Idan bangon na rawa a hannunka, katako mai kaurin milimita 18 ake nema a kasuwar Katako, da sanduna a tokare bango da bango, a bi kowace gaɓa da gam. Yoyon iska kuma da zirin leda muke gano shi, a bi da shi gefen sukurori har inda ya kaɗa.

Kayan cusawa ma ba kowanne ba. Ka kafa baki ka hura: in iska ta ratsa, zai yi. Farin kumfan kwalin talabijin ba ya ratsuwa, kiret ɗin ƙwai kuma ado ne kawai. Audugar gona tana jan danshi, daminar Jos kuwa ba ta wasa, kafin Satumba sai ka ji akwati na warin funfuna. Audugar gilashi tana aiki ƙwarai, sai dai ƙaiƙayinta ya isa, ban kuma yarda a sa ta a mai hanci ba don kada ƙurarta ta fito cikin jama'a. Faibar filo ta wajen masu katifa ita muka fi saye, ga araha.

Yawancin manyan sifiku suna da rami a tsakiyar maganaɗisu, ta nan kwayil, wato naɗin wayar da ke motsa kwanon sifika, ke shan iska. In faiba ta toshe shi a daren biki, gobe sai naɗin sabon kwayil. Shi ya sa kafin mu ɗaure sifika muke ɗame ƙyallen gidan sauro a bayanta, tazarar tafin hannu, ya riƙe faibar daga nesa.