Lambar ƙasa ta awon hawan jini ce ta yaudare ni

Ina da shekara 41 aka fara ce mini ina da hawan jini. Ciwon kai ne ya kai ni ɗakin shan magani na ƙauyenmu, nan yankin Kura. Malamin asibiti ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya ce 150 bisa 95, ya ba ni maganin wata guda. Na shanye, kai ya lafa, na ce alhamdulillahi an rabu lafiya. Ban sake miƙa hannu an auna ni ba sai bayan shekara 17.

Shi ma wannan awon a kemis ne, ranar kasuwa, don na ga ana yi wa wani. Na'urar ta nuna 168 bisa 72. Na tuna da 95 ɗin can, na ga ta sauko har 72, sai murna ta kama ni. Da na koma gida na ce wa maiɗakina rabin ciwon ya tafi da kansa, ta saman ma gajiyar gona ce. Ta ce, "Malam, da dai ka je asibiti." Na ce ta bar ni da aikin tumatirina.

Wata huɗu bayan nan, da sassafe ina tayar da injin ban ruwa, hannuna na dama ya saki. Na buɗe baki in kira yarona, magana ta ƙi fita daidai. Kafin rabin sa'a komai ya dawo, har na so in ci gaba da aiki, amma yaron ya kafe sai mun tafi Kano. Likitar da ta duba ni ta ce wannan ɗan aiken shanyewar ɓarin jiki ne. Da na ba ta labarin 72 ɗina, sai ta ajiye biro ta ce, "Baba, abin da ya sa ka murna shi ne abin tsoron."

Ga yadda na fahimce ta, da idon mai noman rani. Kun san sabon tiyo: in ruwa ya taso daga inji sai ka ji ya ɗan kumbura a hannunka, sannan ya koma. Wanda ya shekara uku a rana kuwa ya ƙandare, ruwan dukansa yake yi, wata rana ya tsage. Babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, mai kaurin kamar rake, haka take. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya. Duk bugu ɗaya jijiyar ta buɗe ta karɓi jinin, in zuciya ta ɗan sarara ita kuma ta matse ta tura shi gaba. Lambar sama ƙarfin jini ne lokacin bugu, ta ƙasa kuma lokacin hutun. In jijiya ta yi tauri ba ta buɗewa, sai ta sama ta haura; ba ta kuma matsewa, sai ta ƙasa ta faɗi. A mai lafiya tazarar tsakaninsu wajen 40 ce. In ta wuce 60 ga wanda ya manyanta, likitoci sukan fara zargin taurin jijiya. Tawa 96 ce, ni kuwa ina ta yi wa mutane albishir.

Ɓarnar ba a wuri ɗaya take tsayawa ba. Naman zuciya yana kauri don yana turin abin da ba ya sassautawa, ga shi ita zuciyar kanta a lokacin hutun nan take samun nata jinin, to in lambar ƙasa ta faɗi sai jinin da take samu ya ragu. Ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda, waɗanda ba a halicce su don duka ba, su suke shan bugun kai tsaye. Akwai ma na'urar da ke auna gudun bugun daga wuya zuwa matsematsi. In ya wuce mita 10 a daƙiƙa, jijiya ta ƙandare. Ba ko'ina ake samunta ba, amma lissafin cire ƙaramar lamba daga babba ko ɗan firamare zai yi.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da ta ce zaren da ke sa jijiya talewa tun ƙuruciya jiki yake saƙa shi, in ya lalace ba ya sabuntuwa yadda yake. Tsufa yana cin sa, wannan ba makawa. Amma hawan jinin da aka bari, da ciwon suga, da ciwon ƙoda, da sigari, da gishiri, su suke sa shi tsufa kafin mai shi.

Ni kuwa a shekarun nan 17 babu wanda ban taimaka wa ba. Sigari nakan sha a gona inda babu idon yara. Miya in ba ta ji dunƙule ba sai in ture kwano, in kuma barbaɗa gishiri a kan ɗanwake da ya riga ya sha kanwa, ban san kanwar ma dangin gishiri ce a jiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Sai haɗin maganin ciwon jiki da mukan saya a kemis bayan aiki. Wasu ƙwayoyin cikinsa suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda. Keke kuma tun da na sayi babur na jingine shi, ko masallaci a kan babur nake zuwa.

Don haka, samari, kada ku jira ciwon kai, hawan jini yakan shekara goma bai ce uffan ba. Ku auna kuna ganin kanku garau, ku rubuta lambobin duka biyu da kwanan wata. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya ji sauƙi, sauƙin na maganin ne. In kuma kun ga bakin dattijo ya karkace ko hannunsa ya saki, ko da ya dawo nan take, ku nemi mota a lokacin, a yi addu'ar a hanya.

Yanzu kullum bayan asuba nakan haɗiyi ƙwayoyina biyu, in ɗauko keken da jikana ya gyara mini in tafi fadama. Akwai ɗan littafi a aljihun gaba na rigata. Awon ranar Litinin da ta wuce 138 bisa 76 na rubuta, na cire na samu 62. Likitar ta riga ta gaya mini kada in sa ran sake ganin 40.