Yini guda a gidan tarihin matan Biyetnam

Daga bakin tafkin Hoan Kiem a Hanoi, babban birnin Biyetnam, na taka da ƙafa zuwa lamba 36 a titin Ly Thuong Kiet, inda gidan tarihin yake. Tsallaka titi a Hanoi sai da addu'a, don babura ba sa tsayawa, kana tafe suna kauce maka. Ƙungiyar Matan Biyetnam ce ta kafa gidan a 1987, aka buɗe wa jama'a a 1995. Da shigarka za ka ci karo da mutum-mutumin wata uwa mai ruwan zinare, ɗanta a kafaɗa.

Na daɗe a sashen aure. Ƙabilun ƙasar 54 ne, kowa da al'adarsa. Mafi yawan mutanen ƙasar ba sa neman aure sai da ganyen betel da ƙwallon areka, waɗanda ake haɗawa da farar ƙasa a tauna har baki ya yi ja, kamar dai yadda ba ma ɗaurin aure babu goro. Su kuwa 'yan ƙabilar Ede, dangin mace ne ke zuwa neman namiji, ango ya tare gidan surukansa, 'ya'ya su ɗauki sunan dangin uwa. Na ce to, Allah ɗaya gari bamban.

Sashen yaƙi ya fi kowanne nauyi. Ga labarin 'yan'uwa mata biyu, su Trung, da suka yi wa mulkin Sin tawaye a shekara ta 40 miladiyya. Ga Vo Thi Sau, 'yar gwagwarmayar neman 'yanci, wadda Faransawa 'yan mulkin mallaka suka harbe a tsibirin Con Dao a 1952 tana budurwa. Ga hotunan tsofaffin da gwamnati ke ba lambar "Jarumar Uwa" tun 1994 saboda 'ya'yansu da yaƙi ya ci. Sai dai a nan bakin gwamnati kake ji, kowace mace jaruma ce, ba mai tsoro, ba mai gajiya. Ban gamsu da hakan ba.

Inda na ji mata na magana da bakinsu shi ne wurin 'yan talla. A bidiyo aka nuna su, matan ƙauye da malfar ganye mai tsini, da sandar gora a kafaɗa, kwando biyu na reto gaba da baya. Tun kafin asuba suke sarin kaya a kasuwar Long Bien, su yini suna zagaya gari, da dare su cunkushe a ɗakin haya mai arha. Ba ƙasa suke zance ba, zancensu kuɗin makarantar yara ne, da mijin da ba lafiya, da ranar da za su leƙa gida.

Sashen tufafi a gurguje na wuce shi, ƙafa ta gaji, ko da yake zanen matan ƙabilar Hmong da ake yi wa ado da kakin zuma kafin a tsoma a baba ya sa na ɗan dakata. Daga nan na fita neman miyar taliyar nan tasu, pho, a wurin da ke sayar da ta halal.