Zoɓon Gwaggo da ƙafar Baba

Yau Baba ko masallaci bai iya zuwa ba da asuba. Babban ɗan yatsan ƙafarsa na dama ya sake kumbura, ya yi ja har yana sheƙi, ko zanin gado ya taɓa wurin sai ka ji ya ce wash. Ciwon gaut ɗin nan dai, wanda ke tashi idan sinadarin yurik asid ya yi yawa a jini ya taru a gaɓa. Mun san inda aka samo shi, hanta da ƙoda da ya ci a sunan gidan Kawu shekaranjiya.

Da rana Gwaggo ta zo dubiya da galan ɗin zoɓo mai sanyi, wai ai fure ne, ba nama ba, ya sha ya ƙoshi zai wanke masa jini. Na ɗan kurɓa, wallahi sukari kamar an juye kwano guda a ciki. Na ce Gwaggo ki yi haƙuri, shi zoɓon ba shi da laifi, fure da ganye ba sa tara yurik asid kamar kayan ciki da kifin gwangwani, ko furen zogale ma zai iya ci, amma sukarin nan da lemon kwalba suna ɗaga shi sosai, likita ma ya ja mana kunne. Ta kalle ni ta ce “To, yanzu ke ce likitar gidan?” Raina ya sosu, don na san tun safe ta tashi ta dafa shi saboda ƙaninta. Baba daga kwance ya ce “Yaya, bar ta, gaskiya ta faɗa.”

Na shiga kicin na dafa wani, citta da kanumfari kawai, ba sukari. Kofi ɗaya na ba shi tunda yana shan maganin hawan jini, zoɓo kuma yana saukar da jini. Ya sha yana yamutsa fuska. Galan ɗin Gwaggo yara suka shanye.

Wanki ban yi ba. Wuta ma ba a kawo ba.

Da daddare ina gyara masa durowa na ci karo da kwalin allopurinol, maganin rage yurik asid, wanda aka ce ya riƙa sha kullum domin yurik ɗin ya sauka ƙasa da 6 a gwajin jini, ya kuma tsaya a can. Ƙwaya huɗu kawai aka ɓalle, tun watan jiya. Duk yini muna ta musu a kan fure, ashe maganin yana nan a ajiye. Ban faɗa wa Umma ba tukuna, har yanzu kwalin yana hannuna.