Inda aikin lambuna ya tsaya: auren mangwaro da masu neman sassaƙe

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon aikin lambu. Ga inda aikina ya tsaya a ƙarshen wannan damina, tare da wata magana da ta taso a lambun, wadda nake ganin ta shafe mu duka.

Yawancin dashen mangwaron da na yi wa aure sun kama. Gindin daga ƙwallon mangwaron gida ne, mai zare, domin ya saba da ƙasarmu kuma yana jure fari. Reshen da na ɗora a kai kuwa na nau'in mangwaron da ake kira Julie ne da na Kent. Na jira gindin ya kai kaurin fensir, na yanke kansa, na tsaga shi, sannan na fiƙe reshen ta gefe biyu na soka a tsagar, na ɗaure da leda yadda ruwa ba zai samu kafa ba. Abin da ke sa aure ya kama shi ne siririn sashen nan mai danshi da ke tsakanin ɓawo da itace. Idan na gindi da na reshe suka haɗu, ko da ta gefe ɗaya ne, sai su manne su zama jiki ɗaya. Idan kuwa suka saɓa, duk ƙarfin ɗaurin ba zai yi amfani ba. Aikina a yanzu shi ne cire duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar, saboda idan aka bar shi yakan rinjayi reshen auren har ya kashe shi. Na bar tazarar mita 10 tsakanin ramuka, na zuba ruɓaɓɓen takin shanu, na kuma shimfiɗa ciyawa kewaye da kowane dashe ba tare da ta taɓa gindi ba, don gudun gara. Furen da zai fito a shekaru biyun farko zan tsinke shi, ko da zuciya ba ta so, domin icen ya fara gina jikinsa. Mangwaro mai aure yakan yi 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu, alhali na ƙwallo yakan kai shida ko fiye.

Maganar da ta taso ita ce ta mutanen da ke zuwa neman ganye da sassaƙe, suna cewa an gaya musu maganin ciwon daji ne. Wasu ganyen gwandar daji suke so, wasu sassaƙen mangwaro, kuma na tarar an ɗaye gefen wani tsohon icen da ke bakin shinge. Ba na ganin laifin mai majinyaci a gida, domin halin da yake ciki ba ƙarami ba ne. Amma sashen nan da muke lallaɓawa wajen aure, shi ne ake kwashewa tare da ɓawon, kuma ta cikin ɓawon ne abincin da ganye ya sarrafa yake sauka zuwa saiwa. Idan aka ɗaye ice har aka zagaye shi, saiwa za ta rasa abinci, icen ya mutu a tsaye sannu a hankali.

Gaskiya ne cewa wasu manyan magungunan kansa, wato ciwon daji, daga tsirrai aka samo su. Vincristine, wanda ake ba yara masu kansar jini, daga wani fure ɗan asalin Madagaska aka fitar da shi, aka kuma amince da shi a Amurka a 1963. Taxol kuwa daga ɓawon wani ice na yammacin Amurka ta Arewa ya fito: an ɗebo samfurinsa a 1962, amma sai a 1992 aka amince a ba marasa lafiya, bayan shekaru 30 ana tacewa, ana gwaji, ana auna adadin da jiki zai iya ɗauka. Wannan tazarar ita ce ake tsallakewa idan ana tallar jiƙo. Sinadaran da ke cikin dangin gwandar daji suna kashe ƙwayoyin kansa a ɗakin gwaji, sai dai babu gwaji a kan mutane da ya tabbatar suna warkarwa, kuma a tsibirin Guadeloupe da ke yankin Karibiyan likitoci sun danganta yawan shan 'ya'ya da shayin ganyen wani daga cikin dangin da wata cutar jijiyoyi mai kama da ciwon karkarwa. Haka nan a Finland, binciken da aka wallafa a 1994 a kan maza masu shan taba kusan 29,000 ya nuna cewa ƙwayar sinadarin da ke sa karas da mangwaro launi ta ƙara musu kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari, maimakon ta rage.

Abin da nake gaya wa masu zuwa shi ne su kai majinyacinsu asibiti da wuri, domin jinkiri ne ya fi cin mutane a wannan ciwo, kuma su sanar da likita duk wani jiƙo da ake ba shi. Amfanin lambunmu ga lafiya yana cikin 'ya'yan itacen da za a ci a matsayin abinci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu a kowace rana. Saboda haka na fara dasa gwaiba da lemo tsakanin layukan mangwaron, don gida ya riƙa samun na ci a lokuta dabam-dabam na shekara.

Icen da aka ɗaye zai rayu in sha Allahu, tunda ba a zagaye shi ba, kuma na kewaye shi da ƙaya. Da hunturu ya shigo zan rage wa manyan itatuwa ban ruwa don su yi fure sosai, ƙananan dashe kuma zan ci gaba da shayar da su. Kafin 'ya'ya su ƙosa zan rataya tarkon ƙudan mangwaro, in riƙa tsince duk wanda ya faɗo ina binne shi da zurfi, saboda tsutsar da ke cikinsa a ƙasa take rikiɗa ta zama sabon ƙuda.