Abin da kututture da makiyaya suka koya mini a ƙasar Maradi

Lokacin da na fara aikin malamin gona a ƙauyukan jihar Maradi, dashe kawai na sani. A makaranta an koya mana a reni iri a leda, a dasa da damina, a kewaye da ƙaya. Haka muka yi a shekarar farko. Kafin bazara ta yi tsakiya, rana da gara da awaki sun gama da mafi yawan abin da muka raba.

Wani dattijo ne ya ja ni gonarsa da hantsi. Ya durƙusa gaban wani ɗan cunkus na kalgo da nake yi wa kallon abin sharewa, ya ce, "Malam, wannan itace ne. Tun ina yaro aka sare shi, amma saiwarsa na nan da ranta." Ya zaɓi toho huɗu masu ƙarfi, ya datse sauran da adda mai kaifi, yana yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Shi ke nan aikin, ba ban ruwa, ba sayen komai. Sassaben zamani suke ce masa. Tsohuwar saiwa ta riga ta kai inda laima take, shi ya sa tohon ke jure farin da ke kashe ɗan dashe.

Daga baya na san tarihin abin. Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya fara yaɗa dabarar a nan Maradi a 1983, kuma yunwar 1984 ta sa mutane suka saurara. Hotunan tauraron ɗan adam sun nuna cewa gonakin da suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar sun kai kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Mu ma'aikata ba mu da yawan da za mu kai wannan ko'ina. Manomi ne ya ga geron maƙwabcinsa ya fi nasa kyau a gindin gawo, ya tambaya. Gawo na kaɗe ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya yi inuwa, dabbobi su kwanta su bar taki. Akwai kuma maganar mallaka. A da itace na hukuma ne, mai gona na iya shan tara a kan reshen da ya sara a gonarsa, shi ya sa yake kawar da toho tun yana ƙarami. Da mutane suka tabbata itacen nasu ne, sai suka shiga tsaronsa.

Kuskuren da har yanzu yake damuna a wani ƙauye na yi shi. Mun kafa kwamitin tsaron itatuwa, maza manoma zalla, muka tsara doka da tara. Ban kira ko mutum ɗaya daga rugar da ke bayan gari ba. Da rani ya tsananta, aka wayi gari an sassare rassan gawo an ba shanu. Matasa suka fito da sanduna. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san abin da ya faru a Toda a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Ranar nan hantata ta kaɗa.

Mai gari ne ya tare matasan, ya aika aka kira Arɗo. Muka zauna a tabarma ɗaya. Arɗo bai musa ba. Ya ce, "Kun yi doka ba mu a wurin. Burtalin da kakanninmu ke bi an nome rabinsa. Ta ina za mu bi, me za su ci?" Babu wanda ya iya ba shi amsa nan take, ni ma haka. Sannan ya faɗa mana abubuwan da ba su cikin littafina: wane itace ne ke sake toho in an rage masa reshe, wanne ne ke mutuwa, da watan da 'ya'yan gawo ke zuba har ba a buƙatar hawa da gatari.

An ɗauki watanni ana kai da komo. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, su muka nema suka zo aka sake shata burtali. Aka sa makiyaya a kwamiti. Aka sa mata, domin su ne masu tafiyar neman itacen girki, kuma sun fi kowa sanin kututturen da aka taɓa. Aka amince a riƙa sanar da ranar sakin gonaki a masallaci da kasuwa, shanu su shigo su ci kara su bar taki.

Rigima ba ta ƙare ba, kuma damina na ci gaba da yi mana gardama, wata shekara ta makara, wata ta ɗauke gero na tsakiyar bunni. Amma yanzu in zan kira taro, sai na fara zuwa ruga da kaina. A zuwana na ƙarshe na iske ɗan Arɗo a gonar wani manomi riƙe da adda, mai gonar na nuna masa tohon da zai bari a jikin wata sabara.