Hawan Magajin Garin Landan

Ranar Asabar na tsaya cikin sanyin Nuwamba a bakin titi kusa da majami'ar St Paul, ina kallon hawan sabon Magajin Garin tsohon birnin Landan. Da karusarsa mai ruwan zinariya ta doso, wadda aka ƙera tun 1757, dawaki na janta, wallahi sai hawan sallah ya faɗo mini a rai.

Wannan daban yake da Sadiq Khan, Magajin Garin Landan baki ɗaya. Shi na tsohon birnin shekara ɗaya tak yake yi, babu albashi. Tun 1215 Sarki John ya yarje wa mutanen birnin su zaɓi nasu Magajin Garin, da sharaɗin ya je ya yi mubaya'a ga sarauta. Daga nan hawan ya samo asali.

Abin da ya taɓa zuciyata shi ne gidauniyarsa. Duk shekarar yana bin 'yan kasuwa da bankuna, liyafa bayan liyafa, yana roƙa wa ƙungiyoyin agaji kuɗi, musamman masu taimakon matasa. Wata dattijuwa a gefena ta ce jikanta ya amfana. Kafin na tafi tashar jirgin ƙasa, ni ma na buɗe wayata na ba da ɗan abin da ya sawwaƙa.